Rawar da Aka Katse wa Maragatam

Maragatam ba ta taɓa zama shahararriyar 'yar rawa ba, kada wani ya ruɗe ku. A ƙaramin garinsu da ke gefen Tanjawur ma ita ce ta uku a gidansu wajen iyawa, bayan uwarta da yayar uwarta, su ɗin ma sunansu bai wuce inda keken shanu ke kaiwa ba. Gidansu gidan rawar haikali ne tun kaka da kakanni. Mata su yi rawa da waƙa a gaban Shiwa, abin bautarsu, safe da yamma, maza su yi musu kiɗa, haikali ya ba su shinkafa da 'yar gona. Matan gidan ba sa auren ɗan'adam, don tun suna ƙanana ake keɓe su ga Shiwa mai haikalin, sai dai kowace akwai wani mai hali da ke ɗauke da nauyinta, kowa ya sani, ba mai faɗa. Na Maragatam wani mai sayar da man riɗi ne. Da shi ta haifi ɗanta tilo, Singaram, kuma mutumin har ya mutu bai taɓa ɗaukar yaron a gaban jama'a ba.

Shekarar da Turawa suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi aka yi doka a Madras, aka hana rawar haikali. Masu ilimi suka ce ƙazanta ce. Maragatam na da wajen shekara arba'in lokacin, ƙafarta da sauran ƙarfi. Ta koma yin wainar shinkafa tana sayarwa a bakin tashar mota, ƙanenta Muttaya, wanda dā shi ke yi mata kiɗa, ya koma bin gidajen biki da gangarsa, abin da ya samu ya kai wa mai bammi.

Singaram kuwa ya tsere tun da wuri. Ya yi karatu, ya zama akawu a wani kamfanin inshora a Madras, ya auri 'yar wani malamin makaranta, mutanen kirki masu ƙirga dangi. Ya gaya musu uwarsa matar mai man riɗi ce, mijinta ya mutu. To, a nan gizo ke saƙa. Macen da aka keɓe wa Shiwa ba ta zama gwauruwa, tunda mijinta ba ya mutuwa. Har ranar da za a ƙona gawarta da jan ɗigonta a goshi take, da fure a gashi, da sari mai launi. Amma matar da mijinta ya mutu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka duk sa'ad da Maragatam za ta je ganin jikarta Amuda, sai ta sauka daga jirgin ƙasa ta shige makewayin mata na tasha, ta tofa yawu a gefen zane ta goge ɗigon, ta cire furen ta jefa a kwata, ta ɗaura farin sari na takaba. Uwarta da ta ga haka da ta mare ta. Ita kuwa ko a jikinta, in dai za ta zauna a ƙasan ɗakin girki da yarinyar a cinya, tana murza mata 'yan yatsu tana lanƙwasa su baya a ɓoye. Yatsun Amuda na lanƙwasuwa kamar ba ƙashi a ciki. Maragatam ta ga haka, ta san yatsun rawa ne.

Ana nan sai Dokta Sheshadri ya dira garinsu da mota, da na'urar ɗaukar murya, da gorar ruwansa. Babban masani ne a kan rawa da kiɗanta, shi ke rubuta sharhi a jaridar Turanci, kuma an ce in ya yaba wa yarinya ta samu miji, in ya kushe ta ta koma ɗinki. Ya cire takalmi a ƙofar Maragatam, ya zauna a tabarma, ya haɗa hannu ya kira ta Inna. Brahmana guda, ɗan dangin da ake ɗauka sun fi kowa tsarki, mai digiri, yana ce wa mai waina Inna! Ya ce yana rubuta littafi ne, kuma waƙoƙin da ke bakinta babu su a ko'ina, in ta mutu sun mutu.

Wata da watanni yana zuwa. Ta rera masa duk abin da ta gada, ta nuna masa da fuska da hannu, shi kuma yana rubutawa yana kaɗa kai. Ko sau ɗaya bai sha ruwan gidanta ba, ta lura, amma ta ba shi uzuri.

Muttaya ne bai ba shi ba. Ya ce, "Akka," wato yaya, "wannan mutumin naki kallon mai sayen saniya yake miki. Saura ya buɗe bakinki ya duba haƙora."

Ta ce, "Rufe mini baki, mashayi. Kai yaushe rabon wani ya rubuta abin da ka faɗa?"

"Ɗan sanda ya taɓa rubutawa."

"To ka gani."

Da watan sanyi ya matso, lokacin da Madras ke cika da kiɗa da rawa, kowane zaure da nasa taron, Dokta ya zo da albishir. Wata ƙungiyar masu son kiɗa ta ba shi safiya guda ya yi lacca, kuma yana so Inna ta hau dandali ta nuna wa masana yadda rawar take a dā. Rabon Maragatam da rawa a gaban mutane tun ranar da aka rufe musu ƙofar haikali.

Ta je ta gaya wa Singaram, da farin sarinta, a bayan gida inda matarsa ba za ta ji ba. Fuskarsa ta canza kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ya ce, "Inna, kin san kawun matata ba ya fashin waɗannan tarukan? A layin gaba yake zama."

"Ai mutum zai girmama ni ne, ɗana. Har mayafi za a yafa mini."

"Mayafi! Shekara nawa ina gina gidan nan, ki zo ki rushe shi saboda mayafi? To bari in faɗa miki tun yanzu. In kika taka dandalin nan, kin gama taka gidana. Amuda kuwa ko inuwarta."

Ta koma gida ta yi ta juya maganar. Ta ce a ranta, in manyan Madras suka tafa mata, in Dokta da kansa ya tsaya ya ce wannan mata taska ce, wane kawu ne zai ɗaga hanci? Watakila ma daga ranar ta daina goge goshinta a makewayi. Watakila a bar ta ta koya wa yarinyar a fili. Ba wauta ce ta kai ta ba, kwaɗayi ne, kuma ni ban ga laifinta ba.

Ranar laccar ta sa sarin uwarta mai ruwan ɗorawa, ta yi jan ɗigo babba, ta cika gashinta da furen yasmin. Muttaya ya ɗaura mata akayau a ƙafa, ranar ko ɗigon bammi bai sha ba. Zauren cike yake da mata masu siliki da maza masu tabarau, ƙamshin kofi na shigowa daga rumfar abinci ta waje. Dokta ya tsaya a gefe da teburinsa da 'yar ƙararrawa da sandar nuni. Ya fara magana da Turanci, wanda Maragatam ba ta jin ko a. Ta ji sunan garinsu, ta ji "Tanjawur", ta yi murmushi. Sunanta ne ba ta ji ba.

Ya yi mata alama. Ta durƙusa ta taɓa ƙasa ta shafa a ido, ta nemi gafararta kan dukan da ƙasar za ta sha. A gidansu haka ake buɗe rawa, kuma waƙar da aka buɗe sai an kai ta ƙarshe, a sake taɓa ƙasa a gode mata, sannan a kwance akayau. Ba a barin waƙa a tsaye.

Waƙar da Dokta ya zaɓa ta wata mace ce da masoyinta ya kwana a waje ya dawo da safe, kuma masoyin nan ba kowa ba ne, Shiwa ne da kansa. Maragatam na rerawa tana rawa, yadda ake yi a gidansu. Muryar ta tsufa, gwiwa ta ɗan yi gardama, amma fuskar na nan. Ta yi fushin, ta juya baya, ta huce. Sai ta zo wurin sulhu, inda macen ke ɗaukar ganyen taunawa, ta shafa masa farar ƙasa, ta naɗe, ta ciji rabi, ta kai sauran bakin masoyin tana kallonsa ta wutsiyar ido. Hannunta babu komai, amma duk wanda ke zauren ya ga ganyen.

Ƙararrawa ta yi ƙara. Dokta ya ce da Tamil, yarensu, "Dakata nan, Inna. Tsaya yadda kike."

Ta tsaya da hannu a sama, ido a karkace. Ya matso da sandarsa ya nuna idonta, ya nuna leɓenta da baƙin tabon da ke gefensa, ya nuna ƙugunta. Ya yi wata magana da Turanci, zauren ya ɗauki dariya, irin ta masu tarbiyya, a bayan hannu. Mai hoto ya haska mata wuta a fuska.

"Maimaita wurin ganyen, Inna."

Ta maimaita. Ƙararrawa. Turanci. Dariya.

"Sake. Ki ƙara karkata idon."

Maragatam ba ta jin Turanci, amma fuska ita ce sana'arta. Ta san bambancin bakin da ya buɗe don mamaki da wanda ya karkace don ƙyama. Ta ga wata mata a layi na biyu ta rufe wa 'yarta ido. A nan ta gane, sai dai ƙafarta na kan dandali, waƙa na tsaye, ba ta da inda za ta. Ta sake, kamar yadda aka ce.

Daga nan Dokta ya ce ta matsa gefe, ya kira ɗalibarsa Jalaja, 'yar wani alƙali, doguwa siririya. Aka ɗauko waƙar nan dai, amma wani mawaƙi ne ya rera mata, bakinta a rufe. Gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta iya taka ƙasa, Maragatam ma ta yaba a ranta. Da aka zo wurin ganyen, Jalaja ta haɗa tafukanta a ƙirji, ta ɗaga ido sama kamar mai addu'a. Zauren ya kece da tafi, har wani tsoho ya share hawaye. Ita aka bari ta kai waƙar ƙarshe.

Aka kira Maragatam, sakataren ƙungiya ya yafa mata mayafi ba tare da yatsansa ya taɓa kafaɗarta ba. Mutane suka fara tururuwa zuwa rumfar kofi.

Ta ce wa Dokta, "Sami," wato ranka ya daɗe, "ban ƙarasa ba. Saura baiti ɗaya."

Dokta na tattara takardunsa. Ya ce, "Ai kin yi abin da ake bukata, Inna. Kin taimaki ilimi ƙwarai."

"Waƙar a tsaye take, Sami. Ba zan iya kwance akayau ba."

"Lokaci ya ƙure, akwai mawaƙi da rana. Ki je ki sha kofi, an biya." Ya juya wurin wasu Turawa biyu da ke jiransa.

Masu shara suka hau dandalin da dardumai. Ta sauko, kowane taki akayau na tona mata asiri. A bakin ƙofar baya ta tarar da Singaram tsaye, ashe ya zo ya laɓe tun farko. Da ta gan shi sai ta zaci ya huce ne.

Ta ce, "Ɗana, kai kana jin Turanci. Me ya ce?"

"Kina so ki ji?"

"Gaya mini."

Bai rage mata ko kalma ba. "Ya ce rawar nan ibada ce a littattafan dā, ku ne kuka ɗauke ta kuka kai ta ɗakin kwanan masu kuɗi. Ya ce a dubi idonki da kyau, ido ne na ciniki. Ya ce ya kawo ki ne yadda likita ke kawo mai cuta gaban ɗalibai, don su san abin da aka warkar. Ya ce an yi sa'a irinku sun kusa ƙarewa." Ya ƙara da cewa, "Kawun matata na layin gaba. Ya gane ki tun kafin ki buɗe baki, ya waiwayo yana nemana."

"Singaram..."

"Zan gaya wa Amuda kakarta ta mutu. Ki taimake ni, kada ki ƙaryata ni."

Ya tafi. Maragatam ta yaga mayafin girmamawar biyu, ta naɗe ƙafafunta da shi don akayau ya yi shiru, haka ta shiga jirgi. Da suka isa gida Muttaya ya ɗauki ganga ba tare da ya ce ai na faɗa miki ba, wanda a wurinsa babbar sadaka ce. Ta ƙarasa baitin a tsakar gida, bango da akuyar maƙwabta na kallo, ta taɓa ƙasa, ta kwance. Ba ta sake ɗaurawa ba.

Littafin Dokta ya fito, jaridu suka yi ta yabo, aka sa shi cikin abin da ɗaliban rawa ke karantawa don jarrabawa. Hotonta na ciki, hannu a sama, ido a karkace, a ƙarƙashi an rubuta cewa wannan shi ne tsohon salo a zamanin lalacewarsa. Babu suna. Rawar kuwa ta zama ado a gidajen mutunci, duk wanda ya isa sai ya kai 'yarsa ta koya. Singaram ya zama babban akawu, surukansa sun yafe masa tunda ya yanke abin da ya kamata ya yanke. Matarsa ta ga 'yan matan unguwa na zuwa makarantar Jalaja, ta ce ita ma 'yarta ba za a bar ta a baya ba. Haka aka kai jikar Maragatam ta koyi rawa a wurin 'yar alƙali, ana biya duk wata.

Muttaya ne ke kawo labari, don yakan je Madras gyaran ganguna. Shi ya zo ya ce an sa ranar da Amuda za ta hau dandali karo na farko, babban biki, Dokta ne babban baƙo.

Ya ce, "Kada ki je, Akka. Gawa ba ta zuwa biki."

Ta ce, "Daga nesa zan tsaya. Ido kawai."

Wannan shi ne zuwanta Madras na ƙarshe, a daminar da ta biyo baya ta mutu da tari. Ta sauka a tasha, ta shiga makewayin nan, ta goge goshi, ta ɗaura fari, don ko da wani ya gan ta kada ta ja wa ɗanta magana. Ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da inda ake ajiye takalma.

Yarinyar ta fito. Ta girma, ta yi tsawo, kuma wuyan uwar Maragatam ne a kanta sak, har yadda yake zamewa gefe. Yatsun nan sun lanƙwashe yadda kakarta ta san za su yi. Tsohuwa ta yi ta kuka a gefen zane, tana bin kiɗan da tafin hannu a cinya. Aka zo kan waƙar masoyin da ya kwana a waje, Amuda ta haɗa tafukanta ta ɗaga ido sama, aka tafa. Dokta ya tashi ya yi jawabi, ya ce da ganin yarinyar nan an san 'yar gidan tarbiyya ce.

Da Maragatam ta tafi a nan da ta tsira. Amma da aka tashi, jama'a suka yi layi suna gaida yarinyar a gindin dandali, sai ƙafarta ta ja ta. Ta ce bari ta matsa kaɗan, ta ga fuskar kusa. Kaɗan ɗin ya kai ta gaba.

Amuda na tsaye cikin ƙawayenta na makarantar rawa, furanni sun cika mata wuya. Idonta ya faɗa kan tsohuwar, ya wuce, ya dawo. Ta ƙura wa tabon gefen leɓen ido. Sai fuskarta ta washe, ta dafa ƙawarta.

"Ke, ku zo ku gani! Na rantse ita ce! Iya, ba ke ce ta cikin littafin Dokta ba? Mai ganye?"

'Yan matan suka yanyame ta. Ɗaya ta ce, "Ita ce mana, ga tabon nan! Mu da muka zaci kin daɗe da mutuwa!" Wata ta ce, "Kullum sai mun kwaikwaye ki in malama ta fita. Amuda ce ta fi kowa iyawa."

Singaram na tsaye taki biyu daga wurin, da faifan alewa a hannu yana raba wa baƙi. Uwarsa ta dube shi. Ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Amuda ta kama hannunta. Rabon da hannun nan ya taɓa ta tun yana ɗan mitsitsi. Ta ce, "Iya, yi mana na gaske mu gani. Sau ɗaya kawai, yau ranata ce, kada ki ce a'a."

Tunda aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa roƙon kakarta wani abu da hankalinta ba sai wannan. Maragatam ta ɗaga hannu, da farin sarinta da goshinta fayau. Ta ɗauki ganyen, ta shafa masa farar ƙasa, ta naɗe, ta ciji rabi da 'yan haƙoran da suka rage, ta kai sauran bakin jikarta, ta dube ta ta wutsiyar ido.

'Yan matan suka fashe. Amuda ta fi kowa, har ta duƙa ta riƙe ciki, kwallin idonta na zuba, akayau ɗinta na kaɗawa. Da ƙyar ta ɗago ta ce, "Wayyo cikina! Sake, Iya, sake!"

Maragatam ta sake ɗaukar ganyen. Wannan karon a hankali ta naɗe shi, don yarinyar ta daɗe tana kallonta.